Darasi na 12: Dogon yaro, baƙonmu daga Indiya

Dogon yaron da ke ba mu inuwa a Tabla da Filinge ba ɗan ƙasar nan ba ne. Asalinsa Indiya, kamar zogale. Masu maganin gargajiya na can sun daɗe suna aiki da shi. Iliminsu ana kiransa Ayurbeda.

Yaya suke rarraba itatuwa? Da harshe suke farawa. Ɗanɗano 6 ne a wurinsu: zaƙi, tsami, gishiri, yaji, ɗaci da bauri irin na bagaruwa. Sannan su duba ko itacen mai zafi ne ko mai sanyi. Wannan ba sabon zance ba ne gare mu, masu saiwoyi na kasuwar Balayara ma haka suke cewa.

Akwai wani tsohon littafinsu, Caraka Samhita, mai kusan shekara 2,000. Ya kasa magunguna gida 50, kowane gida da iri 10. Dogon yaro yana gidan maganin ƙaiƙayi. Kurkur yana gidan ciwon fata. Sandal kuwa na gyaran launin jiki ne.

A ganinsu dogon yaro mai ɗaci ne, mai sanyi, don haka ya dace da fatar da zafi ya dama. Da bazara, in ƙurajen zafi sun feso wa yaro a wuya da baya, a tafasa ganyen, a tace, a bari ya huce, a yi masa wanka. Da hunturu kuwa, lokacin da ƙafa ke yin kaushi da faso, ɗaci ba shi da aiki. Maiƙo fata ke so. Su man riɗi suke shafawa, mu ga man kaɗe da man shanu.

Kowane haɗi, a fara gwada kaɗan a hannu, a kwana a gani. Kada a ba yaro man ƴaƴan dogon yaro ya sha, yana iya kisa. In kuma tabo ya fito a jiki, an taɓa ba ka ji, bar ganye, tafi likita. Yana iya zama kuturta, maganinta kuwa kyauta ne.

Tambayoyi
1. Wane ɗanɗano ne dogon yaro yake da shi?
2. Wane irin tabo ne ake kai wa likita?