Zuwa ga ƙannena da suka tuɓe kaki

Ƙannena da suka ajiye aikin soja suka dawo gida Jabo, da na Tambuwal da Kebbe, barkanku da dawowa. Allah ya jiƙan waɗanda kuka fita tare ba su dawo ba. Maganar da nake tafe da ita a kan shirun da kuke yi ne.

Mun tashi mun tarar da dattawan da ake kira 'yan Burma. A Yaƙin Duniya na Biyu Turawa suka ɗebi samari daga ƙasar Hausa, aka ƙetare teku da su zuwa Indiya, daga can suka shiga dazuzzukan Burma cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka gwabza da sojojin Japan har 1945. Sun dawo sun koma gona, wasu sun zama 'yan doka ko masu gadi, kuma mafi yawansu sun tafi kabari da labarinsu a ciki. Yau jikokinsu ko sunan kogin da kakansu ya haye ba su sani ba. Waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, ƙaraminsu ya haura saba'in. Bayansu ga ku da kuka je Laberiya a 1990 da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, ga kuma na baya-bayan nan da suka sha ƙurar Borno da dajin Sambisa. Ina tsoron kada ku bi sawun 'yan Burma.

Ba sirrin aiki nake cewa ku tona ba, rantsuwarku tana nan. Amma duk lokacin da aka buɗe ɗaukar kurata, yaranmu sukan yi tururuwa, a zatonsu soja albashi ne da bindiga da gaisuwa a bakin hanya. Wa zai gaya musu yadda ake horo a Dafo ta Zariya in ba ku ba? Wa zai gaya musu yadda mutum yake kwana cikin rami ruwa na dukansa, ko yadda ake binne abokin da aka ci tuwo tare da shi jiya? Yaron da ya ji wannan daga bakin kawunsa, in ya tafi ya san abin da ya tunkara, in ya fasa ma ba laifi.

Faɗin kuma magani ne a gare ku. Matanku sun san wanda yake farkawa cikin dare a firgice, ya fito tsakar gida ya zauna har assalatu, da wanda ƙarar salansar babur take sa shi zabura. Wannan ba ragwanci ba ne, ba kuma lallai aljanu ba. A yi addu'a, a kuma ga likita. Akwai tsarin kula da lafiyar tsofaffin sojoji na DHML, haƙƙinku ne.

Sai batun akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gado. A ciki akwai takardar sallama, da lambobin yabo da suka soma tsatsa, da hoton ranar gama horo. Ku buɗe shi gaban uwargida da babban ɗa, ku nuna musu lambar aiki da sunan wanda aka rubuta magaji, da yadda ake tantancewa a Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja. Na ga marayun da suka yi ta yawo saboda mahaifinsu ya rasu ba wanda ya san inda takarda ɗaya take. Garatuti kuma sau ɗaya yake zuwa. Fadama ko shanun huɗa sun fi sabuwar mota da ƙarin aure.

Gida ba bariki ba ne, ɗa ba kurtu ba ne. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar Birgediya Janar ne mai ritaya, ya yi aiki a Saliyo, amma tun da ya hau gadon a 2006 da lallashi da sulhu aka san shi. A wannan zamani da 'yan bindiga suka hana ƙauyuka barci, samarin sa-kai suna buƙatar irin wannan daga gare ku: ku koya musu bin umarni da riƙe fushi, da miƙa wanda aka kama ga hukuma, kada a zubar da jinin wanda bai ji ba bai gani ba.

Kowace 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare, ana faretin tunawa da 'yan mazan jiya a Sakkwato da Abuja. Ba sai mun je can ba. Ina roƙon hakimanmu da shugabannin makarantu su gayyato ku a ranar ku zauna da ɗalibai. Ku kuma, ƙannena, kada ku jira gayyata: ku kira jika mai waya ya zauna kusa, ku fara daga ranar da kuka bar gida, ya ɗauki muryarku.