Kukan Mutuwa: Ina Iyakarsa?

Tambaya: Malam, mahaifiyarmu ta rasu a Dogon Kiriya. Na yi kuka a ɗaki, amma ban yi kururuwa ko birgima a tsakar gida ba. Yanzu gwaggonnina suna cewa mutuwar ba ta taɓa ni ba. Shin na gaza ne?

Amsa: 'Yata, Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya sa ta huta. Ba ki gaza ba ko kaɗan.

Hawaye halal ne. Annabi (SAW) kansa ya zubar da su ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, shekara ta 10 bayan hijira. Abin da ya hana shi ne marin fuska, yaga tufafi da kururuwar ƙin ƙaddara, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito.

Matsalar a nan Arewa ita ce, gidan makoki yakan zama wurin awon ƙauna. Dangi sun zo daga Dogon Dutsi, Matankari da Yamai, kowa na kallon wa ya fi ɗaga murya. Sai wadda zuciyarta ta fi ƙuna ta ji dole ta nuna, wadda abin bai dame ta ba kuma ta fi kowa ihu don gudun surutu. Ƙarshenta yara su firgita, tsofaffi masu hawan jini su kwanta, addu'a ta ɓace a cikin hayaniya.

Ga abin yi. Kada ki yi musu da gwaggonninki a bainar jama'a. Ki same su a keɓe, ki gaishe su, ki roƙe su su taya ki addu'a. Ku tsaya kan iyakar shari'a: makoki kwana 3 ne, sai matar mamaci mai takabar wata 4 da kwana 10. Maƙwabta su ɗauki nauyin girki, kamar yadda Annabi ya umarta a yi wa iyalan Ja'afar bayan yaƙin Mu'uta, kada a kwashe geron rumbun marayu wajen ciyar da baƙi.

Idan kuwa watanni suka shuɗe barci da abinci sun gagare ki, wannan ba raunin imani ba ne; ki je asibiti a duba ki.

Abin da zai amfani mahaifiyarki yanzu shi ne ku biya bashinta, ku yi mata sadaka, ku riƙe zumuncinta. Allah Ya ba ku haƙuri.