Babi na Tara: Tarken Hotunan Masu Koyon Ɗaukar Hoto

9.0 Gabatarwa

Yaɗuwar wayar salula mai kyamara ta fitar da ɗaukar hoto daga hannun masu shago, ta sa shi a hannun kowa. Ɗalibin da aka tura nazarin wata sana'a ko wani biki da wuya ya dawo ba tare da hotuna ba, kuma malamin Hausa ne zai duba su. Sau da yawa abin da ɗalibin kan samu bai wuce ɗayan biyu ba: ko dai a ce masa "ya yi kyau", ko kuma a ce "wannan ai ba hoto ba ne". Na farko bai ƙara masa ilimi ba, na biyu kuwa yana iya sa shi ya ajiye kyamarar har abada. Wannan babi zai duba yadda ake tarken hoton mai koyo domin hotonsa na gaba ya fi wanda ya kawo.

9.1 Ma'anar Tarken Hoto

A fagen nazarin adabi, tarke shi ne bin aiki daki-daki domin fito da kyawunsa da rauninsa bisa hujja. Ma'aunan da ɗalibi ya saba da su a nazarin waƙa suna aiki a nan. Jigon hoto shi ne saƙon da yake ɗauke da shi. Zubi da tsarinsa shi ne inda aka ajiye kowane abu a cikin iyakokinsa huɗu. Salonsa kuwa ya ƙunshi haske da inuwa da launi da wurin da mai ɗauka ya tsaya. Sai dai tarken aikin ƙwararre ana yin sa ne domin masu kallo, na mai koyo kuwa domin shi mai koyon ake yi.

9.2 Matakan Tarke

A shekarar 1970 wani malamin fasaha ɗan Amurka, Edmund Feldman, ya tsara matakai huɗu na tarken aikin fasaha, kamar haka:

1. Siffantawa: faɗin abin da ido ya gani kawai.
2. Ƙwanƙwancewa: bayyana dangantakar sassan aikin da juna.
3. Fayyace ma'ana: faɗin saƙon da aikin ya isar.
4. Yanke hukunci: auna nasarar aikin ko gazawarsa.

Haka kuma, a littafinsa na tarken hoto wanda ya fara fitowa a 1990, Terry Barrett ya gabatar da siffantawa da fayyace ma'ana a kan hukunci. Hikimar wannan jeri ita ce, yawancin mutane da hukunci suke farawa, daga baya su nemo masa dalili. Wanda ya fara da siffantawa dole ya kalli hoton da kyau, kuma mai hoton zai gane an ba aikinsa lokaci. Ga mai koyo, ana ƙara mataki ɗaya kafin hukunci, wato a tambaye shi abin da ya yi niyyar nunawa, domin da niyyarsa za a auna aikin, ba da sha'awar matarki ba.

9.3 Misali

A ƙaddara wani ɗalibi ya je marinar Ƙofar Mata a Kano, ya ɗauko hoton marini yana tsamo zane daga cikin ruwan baba. Matarki zai fara da cewa akwai mutum a tsakiyar hoton, ya sunkuya a bakin ramin rini, hannayensa sun yi shuɗi, fuskarsa ta yi duhu, akwai kuma falwaya daidai bayan kansa. Daga nan sai ya ƙwanƙwance: shuɗin hannayen ne ke fara jan ido, amma falwayar ta zama kamar daga kan marinin ta tsiro. Da aka tambayi ɗalibin niyyarsa, sai ya ce wahalar sana'ar yake son nunawa. To a nan hukunci ya samu madogara: hannayen sun isar da saƙon, fuskar da za ta cika shi ta ɓace.

Wajibi ne matarki ya faɗi dalilin kuskure da maganinsa. Fuskar ta yi duhu ne domin rana tana bayan marinin. Kyamara ta auna hasken sama mai yawa, sai ta rage hasken hoton gaba ɗaya. Maganin shi ne ɗalibin ya zagaya yadda hasken zai sauka a fuskar mutumin, ko ya taɓa fuskar a gilashin wayar kafin ya danna. Falwayar kuwa taku biyu zuwa gefe ya isa ya kawar da ita. Ko da akwai wasu kurakuran, a tsaya a kan waɗannan biyu, domin wanda aka lissafa wa laifi goma ba ya riƙe ko ɗaya. Tun da mutum ne a cikin hoton, sai kuma a tambayi ɗalibin ko ya nemi izininsa.

9.4 Harshen Matarki

A dubi waɗannan jimloli:

(a) Ba ka iya ɗaukar hoto ba.
(b) Fuskar marinin ta yi duhu.
(c) Da ka tsaya ta ɗaya gefen, yaya kake ganin hasken zai kasance?

A jimla ta (a) mai koyon ne aikau, saboda haka hukuncin a kansa ya faɗa, kuma babu abin da zai gyara. A ta (b) wani sashe na hoton ne aikau, wanda kowa zai iya dubawa ya tabbatar. Ta (c) tambaya ce da ke sa ɗalibi ya gano gyaran da kansa. Matarki nagari yakan zaɓi (b) da (c). Haka ma yabo, sai an ambaci abin da ya jawo shi: "shuɗin hannayen nan ya fito sosai" ya fi "ya yi kyau" amfani, domin ɗalibin ya san abin da zai maimaita.

Tarbiyyar Bahaushe ta kunya da kara takan sa a ɓoye wa mutum kuskurensa, musamman idan ya girmi matarkin. Kara ba ta hana faɗin gaskiya, hanyar faɗinta take gyarawa. Ana iya buɗewa da "Malam, sannu da ƙoƙari", a keɓe shi daga idon jama'a, sannan a nuna masa wurin gyara, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Habaici da zambo da ba'a kuwa ba su da gurbi a tarke.

9.5 Ƙa'ida da Sassauci

Kada matarki ya mayar da ƙa'idojin hoto doka. Ƙa'idar kasa hoto kashi uku, wadda John Thomas Smith ya ambata tun 1797 game da zane, tana son a kauce wa ajiye mutum a tsakiya. Amma Seydou Keita na Bamako ya yi suna a duniya da hotunan mutane zaune a tsakiya, gaban labule mai zane-zane. Haka nan hotunan da Robert Capa ya ɗauka a gaɓar Normandi a 1944 sun yi dishi-dishi, kuma wannan ne ya nuna ruɗanin yaƙin. Abin tambaya shi ne, saɓa ƙa'idar ya taimaki jigo ko ya cutar da shi?

Bugu da ƙari, "ka sayi babbar kyamara" ba tarke ba ne. J. D. Okhai Ojeikere, wanda ya shahara da hotunan kitson matan Nijeriya, da ƙaramar kyamarar Brownie ya fara a 1950.

9.6 Kammalawa

An ga cewa tarken hoton mai koyo yana farawa da siffantawa, yana auna aiki da niyyar mai shi, yana dogara kan abin da ke cikin hoton, sannan yana ƙarewa da gyara ɗaya ko biyu da ɗalibi zai iya aiwatarwa da kayan da ke hannunsa.

Tambayoyi

1. Kawo matakan tarke huɗu na Feldman, tare da bayanin dalilin jinkirta hukunci.
2. Sake gina wannan jimla ta yadda sashen hoto zai zama aikau: "Kullum kana yanke ƙafafun mutane."
3. Karɓi hoton wata sana'ar gargajiya daga abokin karatunka, ka rubuta masa tarke na shafi ɗaya.