Wa Ke Nuna Wa Kiyashi Hanya?

Kowa ya san halin kiyashi. Ka manta da sukari a buɗe, kafin la'asar sun ja layi daga raminsu har bakin gwangwanin. Tambayar da ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu ta ba mu mu bincika a bana ita ce, wa ke nuna musu hanya? Da yawa sukan ce sarauniyarsu ce. To, ba ita ba ce, aikinta saka ƙwai kurum.

Mun kwaikwayi gwajin da Deneubourg da abokan aikinsa suka yi a Biljiyam a 1989. Muka ɗora sukari a kan bulo, muka kewaye shi da ruwa, sannan muka gitta kara biyu daga bakin rami, ɗaya dogo, ɗaya gajere. Da farko suka rabu biyu. Can an jima sai yawancinsu suka koma kan gajeren.

Ga dalilin. Kiyashi yana tafe yana ɗiga wani sinadari mai wari, wanda masana ke kira feromon, na bayansa kuwa ya fi son bin inda warin ya fi ƙarfi. Wanda ya bi gajeren kara zai je ya dawo da wuri, saboda haka warin yakan riga taruwa a can. Babu ɗaya daga cikinsu da ya auna karan nan biyu, amma taronsu ya zaɓi daidai. Wannan shi ya fi ba ni mamaki.

Kada iyayenmu su ɗauka wasan yara ne. A 1992 wani ɗalibi, Marco Dorigo, ya gabatar da kundin digirinsa na dakta a Milan ta Italiya, inda ya ƙirƙiri kiyashi na ƙarya cikin kwamfuta, ya sa su nemo wa falke hanya mafi kusa ta zaga garuruwa masu yawa. An yi amfani da dabarar wajen tsara hanyoyin motocin kaya.

Sai dai bin na gaba yana da haɗari. A 1921 William Beebe ya ba da labarin wasu irin kwarkwasa da ya gani a Guyana, waɗanda hanya ta ɓace musu, kowace na bin warin ta gabanta. Suka yi da'ira mai kewayen ƙafa 1,200, suna ta zagawa har da yawansu suka mutu.