"Sau" da "Ninki": Matsalar Fassara Kalmomin Maimaici da Riɓanyawa daga Ingilishi zuwa Hausa, da Misalai daga Ƙasar Wanke

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda Ingilishi ke amfani da kalmar "times" wajen ƙirga aukuwar abu da kuma riɓanya adadi, da ruɗanin da hakan ke haifarwa a fassara. An nuna cewa jimlar "ya ninka sau uku", wadda ta zama ruwan dare a labarai, tana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya. An gina misalan a kan harkokin noma, cinikayya da shan magani irin na Wanke, gundumar manoma a ƙaramar hukumar Gusau ta jihar Zamfara.

1.0 Gabatarwa

Mafi yawan rubutun da ke shafar rayuwar manomin Wanke da Ingilishi ake yin sa. Takardar maganin asibiti, umarnin da ke jikin galan na maganin feshi, sanarwar farashi, duk sai an fassara masa su, ko dai a rediyo, ko a bakin ɗansa ɗan makaranta, ko a wurin mai kemis. A irin wannan fassara kuskuren kalma ɗaya yakan zama kuskuren lissafi, wanda ke iya ƙona shuka ko ya cutar da majiyyaci. Don haka batun ya wuce gardamar masana nahawu.

2.0 Ƙirga Aukuwa

A nan harsunan biyu sun kusa yin daidai. Ingilishi yana da "once" da "twice", daga nan sai ya koma ga lamba da "times". Tsohuwar kalmar "thrice" ta ja baya a Ingila da Amurka, ko da yake tana raye a Ingilishin Nijeriya. Hausa kuwa "sau" take sawa gaban kowace lamba. Ta ma fi Ingilishi taƙaitawa inda ake rabo, domin tana maimaita lambar:

(1) A sha ƙwaya huɗu-huɗu, safe da yamma, har kwana uku.

Wannan shi ne kusan tsarin shan Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro, ga babban mutum: sha shida cikin kwana uku. Maimaita "huɗu" ya riga ya nuna cewa kowane sha huɗu ne, ba huɗu ne jimillar na yini ba.

Inda ake tuntuɓe shi ne "biweekly", wadda masu harshen kansu ke ɗauka ta fuska biyu: sau biyu a mako, ko sau ɗaya duk mako biyu. Tsakanin ma'anonin akwai tazarar ninki huɗu. Haka "every other day", wadda mai gaggawa kan mayar "kowace rana", alhali nufinta a yi yau, a tsallake gobe, a yi jibi.

3.0 Riɓanya Adadi

A nan gizo ke saƙa. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, kuma cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a Arewa. Kowane ɗan kabu-kabu da ke jigila tsakanin Wanke da Gusau ya ji wannan tashi a aljihunsa. Don sauƙin lissafi, a ƙaddara farashi ya tashi daga naira 200 zuwa 600. Ingilishi zai ce "tripled", ko "three times as much", ko ya ce an sami ƙarin kashi 200 cikin ɗari. Duka ukun daidai suke. Amma akwai "three times more", wadda jama'a ke nufin 600 da ita, masu tsantseni kuma ke karantawa 800, wato asalin kuɗin da ƙarin uku irinsa.

Mai fassara yakan tattara waɗannan duka ya ce:

(2) Farashin ya ninka sau uku.

Sai dai asalin "ninka" aikin hannu ne, irin wanda ake yi wa zane ko takarda. Wanda ya ninka zane sau ɗaya ya sami rufi biyu. Sau biyu, huɗu. Sau uku, takwas. Ke nan aikatau ɗin yana ɗauke da "biyu" a cikinsa tun kafin a kawo lamba, shi ya sa "kuɗin taki ya ninka" ya wadatar ba tare da ƙari ba. Ko su manazarta ƙirar kalma, da suka ari "ninki" suka raɗa wa maimaita saiwa kamar a "maza-maza", abin da suke nufi shi ne abu ya zo sau biyu. Idan aka bi wannan ma'ana sau da ƙafa, jimla ta (2) ta kai farashin naira 1,600.

Ana iya cewa ba wanda ke fahimtar ta haka a kasuwa, kuma akwai gaskiya a ciki, tun da ɗan firamare ma "uku sau huɗu" yake cewa a darasin lissafi. Amma a gwada "ya ninka sau ɗaya" da "ya ninka sau biyu". Duka biyun ana jin su da nufin abu ya zama biyunsa. Jimloli biyu masu lambobi daban ba za su nuna adadi ɗaya ba sai da ɓaraka a tsarin.

A ra'ayin wannan maƙala, sunan ya fi aikatau aminci:

(3) Farashin yau ninki uku ne na farashin bara.
(4) Masarar da ya samu bana riɓi biyu ce ta bara: buhu 20 maimakon 10.

Jimla ta (4) ta fi, domin ta ambaci adadin farko da na ƙarshe. "Ninkin-ba-ninkin" kuwa ta zuzutawa ce, ba ta da gurbi a takardar magani.

Sai kuma "three times less", wadda a tsantsar lissafi ba ta da kai, domin ba a cire uku irin abu daga cikinsa a sami saura. Hausa ba ta da buƙatar kwaikwayon ta, tana da rabi, sulusi da rubu'i, tana kuma da "kashi ɗaya cikin uku".

4.0 Maimaici a Cikin Aikatau

Abin da Ingilishi ke ɗora wa bayanau irin su "usually", "repeatedly" da "again", Hausa takan saƙa shi a jikin aikatau. Lokaci sabau yana ɗauke da na farko: yakan je Tsafe cin kasuwa. "Yi ta" yana ɗauke da na biyu: ya yi ta kira. Akwai kuma ninka gaɓar farko, kamar "kakkama" da "tattambaya", wanda Newman (2000) ya keɓe wa babi guda, kuma yana iya nuna yawan aikin ko yawan waɗanda aikin ya faɗa wa.

"Again" kuwa a Hausa ta rabu biyu. Manomin da tsuntsaye suka tone masa iri zai sake shuka, domin ta farko ta lalace. Wanda ya sami fili a gefen gona zai ƙara shuka, ta farko tana nan. Malamin gona da ya karanta "apply again after two weeks" a jikin galan, ya ce wa manomi "a ƙara magani", ya buɗe ƙofar a fahimci cewa yawan maganin za a ƙara a cikin ruwan. Abin da takardar ke nufi shi ne a sake feshi bayan mako biyu, da ma'aunin farko.