Me Ya Sa Kyanwa Ke Lasar Abin Da Ba Abinci Ba?

Duk wanda ya taɓa kiwon kyanwa ya sha ganinta tana lasar leda, ko bargo, ko hannun wanda ya dawo daga gona. Mutane sukan ce yunwa ce, amma sau da yawa ba ita ba ce.

Ledar da aka ƙunso kifi a ciki tana riƙe ƙarninsa ko da mu ba mu ji ba, zufar mutum kuma tana da gishiri. 'Yar kyanwar da aka raba da uwarta tun ba ta kai mako 8 ba takan girma tana tsotsar bargo ko rigar sanyi, tana matsawa da ƙafafun gaba kamar mai shan nono. Wannan duk ba abin tashin hankali ba ne, muddin lasa kawai take yi ba ta haɗiyewa.

Amma idan kyanwar da ba ta saba ba ta fara lasar siminti ko cin ƙasa kullum, to a ɗaga leɓenta a duba dasashinta. Na mai lafiya jaja-jaja ne. In ya yi fari, mai yiwuwa ƙarancin jini ne, wanda ƙuma da tsutsar ciki kan jawo, musamman ga ƙanana. Sai a kai ta wurin likitan dabbobi. Kada a ba ta Panadol da sunan taimako, domin ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe ta.

Haɗarin da ya fi girma, a ganina, shi ne zare. Harshen kyanwa yana da ƙananan ƙayoyi da suka karkata zuwa maƙogwaro, shi ya sa kake jin kaushi in ta lashe ka. Da su take taje gashinta, amma su ne kuma ke hana ta tofar da zaren da ya shiga bakinta. Wani lokaci bakin zaren yakan naɗe a ƙarƙashin harshe, sauran ya wuce ciki, hanji ya tattare a kansa kamar yadda zariya ke tattare wando, har zaren ya yanka hanjin. Alamominsa su ne amai, ƙin abinci da yawan kwanciya. Idan ka ga zare yana leƙowa daga bakinta ko bayanta, kada ka ja shi. Aikin likita ne, kuma a ranar. 'Yan ajin ɗinki da saƙa, in an tashi a riƙa mayar da allura da zare cikin gwangwani a rufe.