Inda Ruwa Ya Bi Jiya, Nan Zai Bi Gobe

Ɗan'uwa mai karatu, ko ka taɓa tambayar kanka wa ya ce a gina unguwarku a inda take? Wa ya ce nan hanya za ta bi, nan kasuwa, nan lakwal, nan kuma a bar wa ruwa? Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa tunanin wanga abu ba. Mun samu fili, mun gina, mun shiga. Sai ranar da ruwa ya shigo ɗaki cikin dare, sannan mu fara neman mai laifi. Darasinmu na yau zai kai mu bayan birnin Yamai, domin mu ga yadda shawarar da aka yanke a ma'aikatar magajin gari take iya tsare ran mutum ko ta jefa shi cikin haɗari.

Ina ne Harobanda?

Kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, ya raba Yamai gida biyu. Babban gari yana gefen hagu, bisa tudu. A gefen dama kuwa akwai Harobanda. Sunan na Zabarmanci ne, ma'anarsa bayan ruwa. A da ƙauyuka ne na makiyaya da manoma da masunta, sai da jirgin ruwa ake zuwa. Da aka buɗe gadar Kenedi a shekarar 1970, sai hanya ta samu. Aka gina jami'a a can, aka gina asibiti, mutane suka yi ta ƙetarawa suna neman wurin zama mai sauƙin kuɗi. Yau Harobanda ita ce da'ira ta biyar cikin da'irori biyar na birnin Yamai. A cikinta akwai unguwanni kamar Lamorde, Karaje, Kirkisoy, Nogare da Sagiya.

To, ga inda gizo ke saƙa. Wuri mai yawa na wanga yanki kwari ne. Ƙasa ce mai kyau ga shinkafa da lambu, saboda tun fil azal kogi ke malala a kanta. Abin da ya yi wa shinkafa daɗi, ba lalle ya yi wa ginin laka daɗi ba.

Kogi mai cika biyu

A Yamai kogin Isa yana cika sau biyu a shekara. Cika ta farko tana zuwa cikin damina, wajen watannin Agusta da Satumba. Ruwanta ja ne, domin ƙoramu ne ke kwaso shi da laka, musamman Sirba da Dargol da Goruwal, waɗanda ke gangarowa daga wajen Burkina Faso. Wagga cika da gaggawa take zuwa, cikin ƴan kwanaki kogi ya tumbatsa. Cika ta biyu tana zuwa lokacin ɗari. Ruwan da aka yi a duwatsun ƙasar Gine ne, yana tafiya sannu sannu, ya ratsa Mali, sai bayan watanni ya iso.

Akwai ma'auni da aka kafa a bakin kogi, ma'aikatan ruwa suna duba shi kullum. In ruwa ya kai santimita 530, sai a yi gargaɗi na farko. In ya kai 580, gargaɗi na biyu. In ya kai 620, wannan shi ne jan gargaɗi, wato kowa ya yi ta kansa ya bar kwari.

A watan Agusta na 2012 ruwa ya kusa taɓa wannan iyaka, gidaje da yawa suka rushe a Harobanda. A 2019 ya wuce ta. A farkon Satumba na 2020 kuwa ya kai wajen mita 7, abin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai. Jingar da aka yi don tare ruwa ta kasa, ruwa ya shiga Lamorde da unguwannin da ke kusa. Dubban mutane suka kwashe ƴaƴansu da ɗan abin da suka iya ɗauka, suka koma cikin lakwal-lakwal da rumfunan tanti.

Shekarun fari sun ruɗe mu

Za ka ce, to mi ya kai mutane gini a hanyar ruwa? Amsa tana cikin tarihi. Daga shekarun 1970 zuwa na 1980 an yi fari mai tsanani a ƙasarmu. A watan Yuni na 1985 kogin ya kai ga daina gudu a Yamai. Fadamu suka bushe, tafkuna suka ƙafe. Kuma a daidai wannan lokaci ne yunwa ta koro mutanen karkara zuwa birni. Baƙo ya zo, ya ga fili a bushe, mai gona ya ce zai saida masa da araha. Ina laifinsa? Bai san wurin ba lokacin da ruwa ke kwana a kai.

Da damina ta dawo da ƙarfinta, sai ta tarar da abubuwa sun sake. An sare itatuwa, ƙasa ta yi tauri ba ta shan ruwa, duk abin da ya sauko sai ya gangara kogi. Ƙoramu kuma sun cika cikin kogin da rairayi. Ruwa ya zo neman tsohuwar hanyarsa, ya iske gidaje. Shi kuwa ruwa ba ya tambayar takardar fili.

Wa ke da wuƙa da nama?

A nan ne maganar hukuma ta shigo. Ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a duk faɗin Nijar, cikin kwamin 265. Jama'a suka zaɓi mashawarta, su kuma mashawarta suka zaɓi magajin gari daga cikinsu. Dokar da aka yi a 2010 ta ƙara tsara aikin. Ta ba Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram matsayi na musamman, aka raba kowane birni zuwa da'irori. Bisa tsarin wannan doka, majalisa tana zama kowane wata uku, ƙofarta kuma a buɗe take ga duk mai son ya saurara. Sarakunan gargajiya suna da kujera a ciki, suna ba da shawara, amma ba su jefa ƙuri'a. Majalisa ke amincewa da kasafin kuɗi, magajin gari ke zartarwa. Shi ne kuma aka ɗora wa kula da tsabtar gari da lafiyar jama'a a kan hanya da kasuwa.

A watan Afrilu na 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun, suka naɗa masu riƙon ƙananan hukumomi. Amma ko zaɓaɓɓe ne ke bisa kujera ko naɗaɗɗe, aikin meri bai sake ba: fili, hanya, magudanar ruwa, shara, kasuwa.

Ka lura da wani abu. Ba kome ne ke hannun meri ba. Babban aiki irin na gina jinga a bakin kogi ya fi ƙarfin aljihunta, sai gwamnati da masu ba da tallafi kamar Bankin Duniya. Ƴan kwana-kwana da ƴan sanda su ma na gwamnati ne. Sanin wanga bambanci yana da amfani, domin wanda bai san ƙofar da zai buga ba, sai ya wuni yana yawo a banza.

Shawarwari uku masu wuya

Ta farko ita ce rabon filaye, abin da muke ce wa lotisma. Saida filaye yana cikin manyan hanyoyin da meri ke samun kuɗi. Ke nan akwai kwaɗayin a yanka kowane taƙi a saida, har da kwari, har da filin da aka ware wa lakwal ko asibiti. Ban da wannan, masu gonaki su ma suna yanka nasu su saida ba da sanin kowa ba. Unguwa ta tashi babu hanya mai faɗi, babu magudana. Ranar gobara motar kwana-kwana ba ta da ta inda za ta shiga. Ranar haihuwa cikin dare motar asibiti ta tsaya nesa. Ka ga ashe tun ran gini, tun ran zane. Ranar da aka ja layi bisa takarda, ranar ce aka yanke hukuncin wanda ruwa zai ci bayan shekara ashirin.

Ta biyu ita ce rabon kuɗi. A ce kai ne ke zaune cikin majalisa. Kuɗin da ke akwai kaɗan ne, domin mutane da yawa ba su biya lanho ba. Wani ya ce a gina shaguna a kasuwa, za su kawo kuɗin haya kowane wata. Wani ya ce a yashe magudanan ruwa kafin damina. Shaguna kowa zai gani, ya yaba. Yasar magudana kuwa ba wanda ke yi wa guɗa, kuma baɗi ma sai an sake. Wanne za ka zaɓa? In ba wanda ya zo daga unguwar kwari ya yi magana, ka san inda rinjaye zai tafi.

Ta uku, wadda ta fi duka ɗaci, ita ce tada mutane. Bayan ambaliyar 2012 an ba waɗanda abin ya shafa filaye a wani wuri mai tudu da ake kira Seno. Shawara ce mai kyau a takarda. Amma da yawa ba su daɗe ba suka koma inda suka fito. Kada ka yi saurin ce musu masu taurin kai. Masunci abincinsa yana cikin kogi. Mai lambu da mai shinkafa gonarsu tana bakin ruwa. Mace mai tuyar ƙosai masu sayenta suna tsohuwar unguwa. In an kai mutum tudu babu ruwan sha kusa, babu kasuwa, babu kuɗin gini, to an raba shi da haɗarin wata biyu an haɗa shi da yunwar wata goma sha biyu. Darasin a nan shi ne: shawarar da aka yanke wa mutane ba tare da su ba, da wuya ta zauna.

Ba Yamai kaɗai ba

Mutanen Maraɗi sun san wanga labari tun kafin a haifi yawancinmu. Tsohon garin yana cikin kwari ne, kusa da gulbi. A shekarar 1945 ruwa ya ci shi, hukumar wancan zamani ta maida gari bisa tudu, aka ja tituna miƙaƙƙu. Wannan shawara ɗaya ta tsare jikoki da tattaɓa kunne. Amma gari ya ci gaba da faɗi, sababbin unguwanni sun tashi ta kowane gefe, tambayar ta sake dawowa.

Daminar 2024 ta tuna wa kowa. Fiye da mutum 300 suka rasu a faɗin ƙasa, fiye da mutum miliyan ɗaya abin ya shafa. Jahar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. A Damagaram tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni ya rushe a farkon Satumba. Har komawa lakwal sai da aka ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To, kai mi ne ne naka?

Kafin ka sayi fili, je ka gan shi cikin watan Agusta, bayan an yi ruwa mai yawa. Kada ka saya da rani kawai don ka ji araha. Tambayi tsofaffin wurin: a shekarun da, ina ruwa ke tsayawa? Sannan ka je meri ka tambaya ko filin yana cikin lotisma, ka karanta takardar da idonka. Ga ɗaya daga cikin amfanin wanga karatu da kake yi.

In kun riga kun zauna, ku haɗa kai. Ku kafa ƙungiyar unguwa, maza da mata, tare da mai unguwa. Ku zagaya ku rubuta: ina ruwa ke taruwa, wace magudana ta toshe, wa ya yi gini bisa hanya, wane gida ne ke da tsoho ko maras lafiya da ba ya iya gudu. Ku kai takardar meri tun cikin bazara, ku riƙe kwafi ɗaya mai kwanan wata. Maganar baki iska ke ɗauke ta, rubutu kuwa yana nan. Ku nemi sanin lokacin da ake tsara kasafin kuɗin shekara mai zuwa, domin a lokacin ne magana ke da amfani. In an gama rabo, kuka ba ya ƙara kome.

Ku ma ku sauke naku nauyi. Wanda ya biya lanho ya karɓi takardar shaida, bakinsa yana da ƙarfin tambayar ina kuɗin suka shiga. Wanda ke zuba shara da leda cikin magudana, shi ya fara yanke wa maƙwabcinsa hukunci kafin magajin gari. In rediyo ta ba da gargaɗi, kada ka ce sai ka gani da idonka. Ka san tun yau inda za ka kai iyalinka, ka ajiye takardun haihuwa da na fili cikin leda a wuri mai tsawo. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, koya wa yaranka ita.

Ruwan sama na Allah ne, ba mai hana shi sauka. Amma inda za a gina gida, da inda za a bar wa ruwa hanya, wannan shawarar mutane ce. In za a yanke ta a garinku, ka tabbata kana wurin.

Tambayoyi

1. Mi ce ce ma'anar Harobanda, kuma mi ya sa mutane suka yawaita a can bayan 1970?
2. Ƙaƙa cika biyu ta kogin Isa ta bambanta?
3. Santimita nawa ruwa ke kaiwa a yi jan gargaɗi a Yamai?
4. Don mi wasu daga cikin waɗanda aka kai Seno suka koma tsohuwar unguwarsu?
5. Mi ya faru a Maraɗi a shekarar 1945?

Aiki

Ku zana taswirar unguwarku bisa allo. Ku nuna inda ruwa ke bi da inda yake kwana. Sannan kowa ya rubuta wasiƙa ta layi biyar zuwa ga ma'aikatar magajin gari, ya faɗi abu ɗaya da ya kamata a gyara kafin damina.